Kwanon Tagullar Kakata

Malama Odessa,

Don Allah ki taimake ni. Kwana goma sha shida suka rage mini kafin bikin Godiya da iyalai ke taruwa su ci abinci a ƙarshen Nuwamba, kuma na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba. Tun ina makarantar koyon girki nake karanta filinki na ba da shawara a jarida, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan rubuto ba.

Aikina shi ne shirya abincin da ake ɗauka a fim. Shekarata talatin da huɗu. Na yi shekara tara a ƙarƙashin wasu, sai bana aka danƙa mini shiri nawa na kaina, wani shirin talabijin mai dogon zango a kan matan aure na wata unguwa a 1959. Kusan kowane kashi sai an yi liyafa. Ni ke yin dunƙulen cuku da ake mirginawa cikin dakakkiyar gyaɗa, da 'yan gutsattsarin nama da ake sokewa da tsinken sakace a jikin kabeji, da kek ɗin abarba da ake kifewa a faranti. Sai kuma jeli, abin nan da ake damawa ya daskare yana rawa, wanda ba a liyafa a wancan zamani sai da shi: kore mai gurzajjen karas a ciki, ko na tumatir mai zaitun. Fitilun ɗaukar fim zafi gare su, don haka nakan ninka garin jelin sau uku har ya yi tauri kamar roba, in fesa masa man gashi ya yi ƙyalli. Ba ya ciwuwa. Kowane fage guda shida nake yi iri ɗaya, don in an yanka ɗaya darakta ya ce a sake, a kawo sabo. Da an tashi aiki duka ake juyewa a shara.

Kakata Ilona ta rasu a watan Maris. Daga Hungary ta zo Amurka a 1957, ita da mijinta da 'yarsu Marika mai shekara huɗu, wato mahaifiyata, suka zauna a gefen Cleveland. Shekarunta na ƙarshe a gidan Mama ta yi su, nan Pasadena. Akwatin katunan girkinta da kwanon tagullar da take zuba jeli suna can a kabad na sama a kicin, kuma tun da aka binne ta Mama ba ta iya buɗe kabad ɗin ba. A watan Yuni na je gidan, Mama ta tafi ganin likitan ido, na hau kujera na ɗauko su. Ban tambaya ba. Na ce wa kaina aron mako ɗaya ne.

Kwanon zagayayye ne kamar zobe, ya lotse a gefe ɗaya, shi ya sa duk jelin Kaka ke fitowa da ɗan rami kamar an danna da babban yatsa, ita kuma ta rufe wurin da ganyen latas. Da darakta ya gani sai ya tafa hannu ya ce, “Kai! Irin wannan ba a saya a kasuwa. Ku rataye shi a bango.” Aka rataye shi a kicin ɗin jarumar shirin, in an tashi aiki in sauko da shi in zuba jelin shirin a ciki. Daɗi ya kama ni, na sa hannu a takardar aro har zuwa Janairu ko karantawa ban yi ba. Yanzu ya fito a kashi shida. Wendell, dattijon da ke kula da duk kayan da ake jerawa a gaban kyamara, da na je roƙonsa ya mayar mini da kwanon ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, “'Yata, abin da kyamara ta gani ya zama nata. In ya ɓace daga bangon nan, tsofaffi dubu ne za su rubuto su tambaye ni inda na kai shi.”

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. A bayan katin jelin, Kaka ta riƙa rubuta ranar duk da ta yi shi da yawan waɗanda suka ci. Layi kusan talatin ne, na ƙarshe bara. Duka da Turanci ta rubuta su, ban da layin farko, shi da harshensu ta yi, sai da na nemi a fassara mini. Sha huɗu ga Nuwamba, 1959: “Na gayyaci goma sha biyu. Ba wanda ya zo.”

Ban taɓa jin wannan labari ba, daga ita ko daga Mama. Matar da ta bar girkin ƙasarta, ta koyi wannan koren abu mai rawa daga mujallar da da ƙyar take karantawa, don dai maƙwabta su shigo gidanta. Abin ya cika mini ciki, sai na faɗa wa Priscilla, ɗaya daga cikin marubutan shirin, muna cin abincin rana. Ta ajiye cokalinta ta ce, “Sake faɗa, a hankali.” Ai a nan ya kamata in gane. Bayan mako uku aka raba mana rubutun kashi na bakwai, ga labarin nan a ciki, har da ranar, har da faranti goma sha biyu.

Ranar Talatar da ta wuce aka ɗauka. Da hannuna na jera farantan. 'Yar wasan ta zauna a bakin teburi da rigar girki, tana kallon ƙofa, jelin yana gabanta da raminsa. Sau goma sha ɗaya aka sake. Kin san in an gama fage mai ɗaukar sauti yakan ce kowa ya tsaya cik na rabin minti don ya ɗauki shirun ɗakin. Mu kusan hamsin muka tsaya, ba mai ko numfashi da ƙarfi. A cikin shirun nan na ji an ƙwanƙwasa tagulla da cokali sau uku. Haka Kaka take yi kafin ta kife kwanon, biyu a jere, ta dakata, sannan ɗaya. Na ɗaga kai, kwanon yana rataye a bango, ba kowa kusa da shi. Na je wurin mai sauti, ya ɗora mini abin sauraro a kunne, babu komai sai gurnanin fitilu. Ya ce, “Ke, yaushe rabonki da abinci?”

Tun ranar ban sake zama daidai ba. Da safe in na buɗe babban firij na ga guda shida a jere, duk ramukansu na kallon gefe ɗaya, sai in ga kamar jira suke a buga ƙararrawar ƙofa. Ina jin ƙamshin sabulunta a cikin motata. Jiya na kama kaina ina ƙirga faranti a gidana, ni da nake zaune ni kaɗai.

A kashin ƙarshe, da za a ɗauka a Disamba, jarumar za ta fizgo kwanon ta maka shi da bango. Sannan ranar Lahadi Mama ta kira ni, muryarta wasai karon farko tun Maris. Ta ce bikin Godiya na bana ita za ta yi jelin Kaka, in zo da wuri in sauko mata da kwanon, gwiwarta ba ta hawa kujera. Ta ƙara da cewa in an fara nuna shirin za ta tara matan cocinsu su riƙa kallo tare, kowane mako.

Na yi tunanin in sace shi daga bangon, amma sana'armu ƙarama ce, ba wanda zai sake ɗaukata aiki. Ranar Litinin na sayi wani mai kama da shi a kasuwar tsofaffin kaya. Yana bayan motata tare da guduma. Idon Mama ba ya gani sosai. In na lotsa shi daidai wurin, ba za ta gane ba. Malama, in yi? Kuma ki gaya mini gaskiya, fushi Kaka take da ni, ko hankalina ne ya fara taɓuwa?

Mai ƙirga faranti,
Burbank

*

'Yata mai ƙirga faranti,

Mayar da gudumar nan inda kika ɗauko ta. Ba da ido mace ke sanin kwanon uwarta ba. Shekara sittin da ɗoriya mahaifiyarki tana wanke shi, yatsanta zai faɗa ramin nan kafin ki gama cire jaka daga kafaɗa. Yanzu laifinki ɗaya ne, kin ɗauki abu ba izini kina cikin makoki, kuma uwa tana yafe wannan. Ki miƙa mata na bogi a bikin farko da take yi babu uwarta, wannan shi ne wanda zai daɗe tsakaninku.

Bari mu fara da mai sauƙin, wato kwanon. Wendell yana da gaskiya, bangon ba zai zauna fayau ba. Amma ke da kike yin jeli shida don fage ɗaya, kin taɓa ganin an maka abu ɗaya tilo da bango sau goma sha ɗaya? Dole ya sa a ƙera irinsa da yawa kafin Disamba, har da lotsewar, kuma ya fi ki sanin haka. Kin je masa da roƙo, shi ya sa ya ba ki amsar da yake ba kowa. Koma masa a matsayin shugabar sashe, da takarda a hannu: a ɗauki siffar kwanon wannan mako, a rubuta cewa na asali ba za a jefa shi ba, kuma a ba ki shi na kwanakin hutun biki, tunda ba a ɗaukar komai a lokacin. Ki kai masa wanda kika saya ma, wataƙila ya rage masa aiki. Ni na koyar da matasa irinki shekara ashirin da shida, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya sami matsayi amma ya ci gaba da magana kamar mai neman alfarma.

Labarin ya fi wuya. Ba zan ce Priscilla ɓarauniya ba ce. Marubuci haka yake, kuma ke kika ba ta. Ba kuma zan ce kin yi mugunta ba, nauyi ne ya yi miki yawa kika sauke a wurin wadda ke kusa. Sai dai labarin ba naki ba ne ke kaɗai. Kakarki ta rubuta layin nan da harshen da ta san 'yan gidan kawai ke iya karantawa. Mahaifiyarki tana da haƙƙin ta ji daga bakinki, a kicin ɗinta, ba ta gani a talabijin tana tsakiyar matan coci ba. Ki je wannan Asabar ɗin, kada ki jira ranar biki. Ki ajiye katin a gabanta, ki faɗa a jere: na ɗauka, na bayar aro, na yi surutu. Kada ki haɗa da uzuri. In ta yi fushi, ki zauna ki ji. In ta ce a cire ranar ko a sauya yawan farantan, ki kai buƙatar a rubuce. Suna iya ƙi, kuma ki gaya mata haka tun farko.

Game da ƙwanƙwasar, ban san me kika ji ba, kuma ba zan yi kamar na sani ba. Wata takwas da rasuwa, kunne yakan ci gaba da jiran wanda ya saba ji. In abin ya hana ki ci ko barci har bayan biki, ki ga likita, babu abin kunya. Amma ga abin da na lura da shi a wasiƙarki. Tun Yuni kike zuba jeli a kwanon kakarki, wataƙila sun haura ɗari, kuma ko cokali ɗaya ba wanda ya kai baki. Ki jera, a kalla, a zubar. Wata biyar kenan kina maimaita mata sha huɗu ga Nuwamba. Ni ba fushi na gani a nan ba. Na ga jikar da ta tsaya a layin farko na kati mai layi talatin. Matar nan ta wanke kwanonta ta sake yi, ta kuma sake, har bara, kuma mutane sun zo sun ci. Ke ma kina cikinsu.

Abu na ƙarshe, shi na fi so ki tafi da shi. Katin ya ce ba wanda ya zo. Lissafa da kanki: a Nuwamban 1959 akwai yarinya 'yar shekara shida a gidan nan. Wataƙila ita ta jera farantan. Wataƙila ta san abin da ya lotsa kwanon, da wanda ya ci jelin a ranar. Kin tambayi mai fassara, kin gaya wa marubuciya, kin tambayi mai sauti, yau kin tambaye ni. Mutum ɗaya ce a duniya ta ga abin da idonta, kuma ita kaɗai ce ba ki tambaya ba.

Ranar biki ki yi guda ɗaya tak, da gari daidai yadda katin ya ce, mai laushi, wanda zai narke in an bar shi. Ki miƙa wa mahaifiyarki cokalin ta ƙwanƙwasa. In an cinye, ki ba ta alƙalami ta rubuta ranar da yawan waɗanda suka ci a ƙasan layin bara.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciyar Asabar, ya sanyaya muku ke da ita.

Odessa