Majanyin Ishaku

Unguwar Kwararafa, Jos
14 ga Agusta, 1978

Zuwa ga Yaya Hasiya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa daminar Maiduguri ta zo da albarka. Mu nan ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, sanyi har cikin ƙashi. Maigidan yana nan yana fama da aikinsa a kasuwar Katako.

Yaya, na gaji. Ishaku ya shiga wata goma sha ɗaya bai fara rarrafe ba, zaman ma sai an tokare shi da matashi. Kin san tun da sanyi ya kama ƙirjin Asta muka rasa ta, na ce ba ɗan da zan sake ajiyewa a simintin garin nan. Da shi a baya nake daka, nake wanki, har bayana ya ƙage. Maƙwabciyarmu Ngozika, wadda take aikin nas, ta duba shi ta ce lafiyarsa ƙalau, goyon ne ya yi yawa. Wai yaron da bai taɓa ƙasa ba, a ina zai koyi motsi? Ta ce in ninka bargo a kan tabarma, in kwantar da shi rub da ciki, in ajiye abin wasa ɗan nesa da shi. Na ji haushinta, amma na yi.

Maigidan ya kawo guntayen katako ya goge su sumul, ni kuma na zuba tsakuwa a gwangwanin madara na toshe bakin. Kwana tara ina durƙushe ina kaɗa gwangwani kamar maroƙiya, shi kuwa gogan sai kuka, ko kallon katakon ba ya yi. Da ya yi ɗan tari sai in tuna da Asta.

Shekaranjiya na haƙura. Na jefar da majanyi a bakin tabarma, na zauna ina nawa kukan. Ina ɗago kai sai na gan shi yana jan ciki, yana nishi. Ya wuce katako, ya wuce gwangwani, har ya damƙo majanyin ya miƙo mini. Na goya shi, Yaya, to me zan yi? Amma yau da safe na sake sauke shi, na ajiye majanyin taku ɗaya gaba da na ranar nan.

Ki gaida Malam da Jummare da Ɗanbala. Ki sa mu a addu'a, shi Allah ya ba shi ƙafa, ni ya ba ni zuciyar barinsa a ƙasa.

Ƙanwarki,
Mariya