Kofin da Kaka Bai Mayar Ba

Litinin, 2 ga Agusta, 1965

Jiya na iso Tsiga. Mama ta ce hutun nan a gidan iyayenta zan yi shi, in taya kakata Inna jinyar mijinta, Kaka Labo. Ƙafafunsa sun kumbura har gwiwa, in aka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Da ya gan ni ya ce, "Amarya ta iso, ango kuma ba ƙafa." Na rufe fuska da gyale. Shekarata goma sha biyar, har yau wasan nan kunya yake ba ni.

Na zo da littafin soyayya na Turanci da Barakatu ta ara mini a makaranta. Yana ƙarƙashin tabarma. Kada Kawu Lawal ya gani.

Laraba, 4 ga Agusta

Inna ta ce ba ciwo ba ne. "Ruwa ne ya biyo shi, ta ƙafa ya faro."

Bari in rubuta labarin yadda na san shi tun ina ƙarama, ko kaina zai zauna. Lokacin yaƙin Jamus na farko Kaka kukun wani Bature ne. Watansu huɗu da aure shi da Inna, ya bi maigidansa suka shiga jirgin ruwa daga Ikko za su Ingila. Labari ya zo cewa jirgin ya nutse. Inna ta yi takaba ta fita. Sai ga shi wata rana a ƙofar gida da kofin ƙarfe a hannu, yana cewa wani abu ne ya taso daga ƙarƙashin teku aka miƙo masa. Uban Inna, wanda har ya mutu bai musulunta ba, ya duba ya ce 'yar ruwa ce ta tsamo shi, aro ta ba da shi, kofin nan kuma shaida. Tun daga nan kowace damina Inna kan kai nono rafi ta zuba, ta roƙi a ƙara mata shekara ɗaya. Bana shekara hamsin.

Ni kuwa na daɗe ina son 'yar ruwan nan. Fara, gashi har gadon baya, zaune kan dutse tana jiran mutumin Tsiga. Ba littafin da ya kai wannan daɗi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Alhamis, 5 ga Agusta

Ruwa tun safe. Kaka ya ƙi kunu.

Asabar, 7 ga Agusta

Na kai shafi na sittin da biyu a littafin Barakatu. Saurayin yarinyar ma'aikacin jirgi ne, sai aka ce Jamusawa sun nutsar da jirginsu da wani abu, kalmar ban san ta ba. Na duba ƙaramin ƙamusuna: jirgi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa. Sau uku na karanta. Ai jirgi in ya shiga ƙarƙashin ruwa ya nutse ke nan. To na ciki da me suke numfashi?

Kuma abin da Kaka ke faɗa ke nan. Shi ne samarin gari ke wa dariya, in mutum ya shara ƙarya su ce "kifin Labo". Ko mai littafin ma ƙaryar ta yi? Na rufe. Na kasa ci gaba.

Litinin, 9 ga Agusta

Muna surfe Inna ta matso kusa. "Ke kaɗai yake bari ki taɓa matashinsa. Ɗauko min kofin nan da ke ƙarƙashinsa. In na mayar wa 'yar ruwan kayanta, ta sakar min nawa." Ta ce in ruwan ya kai ƙirji shi ke nan. Idonta ya yi ja. Na ce to.

Da la'asar ina gasa wa Kaka ƙafa da ruwan ɗumi, ya ce, "Na ji kakarki na raɗa. Kurma take zaton ni. Kofin nan amanar mutum ce, amarya, kada ki bari." Na ce to.

Mutum biyu na ce wa to a yini ɗaya.

Talata, 10 ga Agusta

Kawu Lawal ya zo a keke daga Malumfashi, inda yake koyarwa, da ƙwayoyin magani. Malamin asibiti ya ce zuciya ce ta gaji. Inna ta ce, "Zuciya a ƙirji take, ruwan kuwa a ƙafa. Ka koma ka faɗa masa."

Na so in tambayi Kawu, bakina ya ƙi buɗuwa. Sai na rubuta a 'yar takarda na cusa a jakar keken: Da gaske akwai jirgi mai tafiya ƙarƙashin ruwa? Ban sa suna ba. Sai ka ce akwai wata mai rubutun boko a gidan.

Alhamis, 12 ga Agusta

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba. Inna ta tafi gona tsinkar kuɓewa, na ce, "Kaka, kyakkyawa ce?" Ya ce wa? Na ce wadda ta ba ka kofin. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Gemu gare ta, amarya. Ja, kamar tsatsa."

Ga yadda ya ce, iyakar abin da na riƙe. Saura kwana ɗaya su isa Ingila, da hantsi, sanyi kamar zai tsinke yatsu. Yana fere dankali a bayan jirgi sai ya ga wani bututu yana yanka ruwa shi kaɗai. Can ruwan ya buɗe, abu ya taso, baƙi, dogo, bayansa na zubar da ruwa kamar dorina. Murfi ya buɗe, mutane suka fito da tuta da igwa. Jaman, in ji shi. Babbansu ya yi magana ta ƙaho, ya ba su minti goma kowa ya sauka cikin ƙananan kwalekwale. Suna kallo aka harbi jirgin, ya tafi ƙasa da gyaɗa da ƙwarar manja da tukwanen Kaka duka. Ya ce tukwanen sun fi ba shi haushi.

Sai kuma waɗanda suka nutsar da su suka jefo igiya, suka ja kwalekwalensu wajen gaɓa. Kaka na gaba, rigar kuku kawai a jikinsa, haƙora na haɗuwa. Wani mai jan gemu, hannunsa baƙi ƙirin da mai, ya sunkuyo ya miƙo masa gahawa mai zafi. Bai kai rabi ba aka hango hayaƙin jirgin yaƙin Ingila. Aka yanke igiya, suka ruga ciki, murfi ya rufe, ruwa ya haɗe. Ya ce ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu yana cewa, "Malam, kofinka," da Hausa, a tsakiyar teku.

Na ce ka faɗa wa Inna haka? Ya ce ya fi sau bakwai. "Duk na faɗa sai ta yi kuka, wai an ɗaure min harshe. Sai na bar ta."

Ya ciro kofin ya ba ni. Ya lotsa ta gefe, hannun ya sha ɗauri da waya. A gindinsa an karce harafi ɗaya da lamba.

Gemu. Shekara nawa ina yi mata kitso a raina.

Asabar, 14 ga Agusta

Kawu ya dawo da wani ƙaton littafin tarihin yaƙi na makarantarsu. Ya ajiye kusa da ni bai dube ni ba, ya ce, "A ba wadda ba ta sa suna ba." Na so ƙasa ta buɗe.

Akwai hoton. Dogo, baƙi, mutane tsaye a bayansa, da harafin nan na gindin kofi a jikinsa, lambar ce dabam. Littafin ya ce a farkon yaƙin ƙanana ne, ba su da yawa, wasu kan taso su yi gargaɗi kafin su harba. Daga baya aka daina gargaɗin.

Na kai wa Inna da gudu, ina jin yau magana ta ƙare. Ta goge hannu a zane, ta riƙe littafin a juye, na gyara mata. Ta daɗe tana kallo. "Ashe gidanta ke nan. Ko taga babu." Na ce Inna maza ne a ciki, Jamusawa, ga su nan. Ta ce, "A haka suka bayyana gare shi. Ke in za ki ɗauki mijin wata, da fuskarki za ki zo?"

 Har yanzu ina juya maganar a raina. Kawu ya ce tun yana kwaleji ya gwada yi mata bayani, kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Lahadi, 15 ga Agusta

A ƙarshen littafin an jera jiragen, kowane da lambarsa da abin da ya same shi. Na bi da yatsa. Na sami ta kofin. Layi uku kacal: jiragen da ya nutsar, sannan ya fita a watan Yuni na 1915, bai dawo ba, ba wanda ya tsira.

Na shiga bayan rumbu na yi kuka. Wa nake yi wa? Mutumin da ya nutsar da jirgin kakana? A wani shafin an ce irin jiragen nan sun kashe mata da yara. Ko yana ciki, ban sani ba. Hannun da ya miƙa gahawa, shi ne ya ɗura igwar? A littafin Barakatu tun shafin farko an san mugu.

Talata, 17 ga Agusta

Kumburin ya haye gwiwa. Inna ba ta ci tuwo ba jiya, yau ma. Ta wuce ni a tsakar gida ta ce, "Shafa'atu, kin ce to." Sau biyu ina gyara matashin, yatsana na taɓa ƙarfen. Na fasa.

Laraba, 18 ga Agusta

Na faɗa wa Kaka. Ban tsara ba, ina ba shi magani maganar ta fito. Na karanta masa layukan, na mayar da Hausa.

Ya rufe ido. Sai ya ce, "Ashe tun ban iso gida ba." Ya ce duk Baturen da ya zo awon auduga Funtua sai ya je ya leƙa fuskarsa, ko Allah zai sa. Bai ma san sunansa ba.

Can ya ce, "Ke mai boko, ruwan rafinmu ina yake zuwa?" Na ce an koya mana yana bi ta ƙasar Sakkwato ya faɗa Kwara, Kwara ta faɗa teku. Ya sa na maimaita. Ya juya kofin a hannu. "To mai shi yana can ƙasa. Kulu ba ta yi nisa da gaskiya ba, gemun kawai ta ƙi yarda da shi." Kulu sunan Inna ne, ban taɓa jin ya faɗe shi ba sai yau.

Ya tambaya ko na rubuta labarin, da lambar. Na ce na rubuta. Ya ce in zuba masa ruwa, ya sha a ciki, ya goge da bakin riga, ya miƙo. "Ki ce sato shi kika yi. In ta ji ni na bayar, za ta ce kirana aka yi."

Na yi wa Inna ƙarya. Ta rungume ni tana ta sa min albarka. Ban san ko zunubi na yi ba, ko nawa ne ko na Kaka.

Alhamis, 19 ga Agusta

Da hantsi muka tafi rafi, ni da ƙwaryar nono, ita da kofin a ƙunshe cikin farin ƙyalle. Dawa ta fi mu tsayi. Ruwan ya cika, ja, yana gudu. Ta tsaya ƙarƙashin wata ƙirya, ta zuba nonon a hankali, ta yi magana kamar da maƙwabciya ta kan danga.

"Ga kayanki. Na riƙe shi da kyau, ban taɓa barinsa da yunwa ba. Tsoho ne yanzu, ba abin da zai yi miki, ga mita. Ki bar min shi."

Hannunta bai iya jifa ba, ta ba ni. Na jefa. Ya ɗan yi yawo a sama yana juyi, ya cika, ya tafi. A raina na ce, Malam, kofinka. Ban san da wa Inna ta yi magana ba, ban san da wa na yi ba.

Dawowa sai da muka huta sau huɗu. Gwiwoyinta.

Laraba, 25 ga Agusta

Kaka ya sha rabin kwanon kunu, idon sawunsa ya fara fitowa. Kawu ya ce ƙwayoyin ne. Inna kuwa ta yi wa kanta lalle. Shi kuwa har yanzu hannunsa kan lalubi ƙarƙashin matashi, sai ya tuna ya janye, ya dube ni.

Littafin Barakatu na nan a shafi na sittin da biyu, zan mayar mata haka. Rashin lokaci ne kawai.

Inna ta ce baɗi ma za a kai nono, na godiya, in ƙafarta ta yarda. Ba za ta yarda ba, na gani. Na tambaye ta ludayi nawa ake zubawa, da gefen ƙiryar da ake tsayawa. Tambaya kawai na yi. Bakwai ne, ta gabas.