Wanda Zai Katse Ni Ya Tafi

Zuwa ga matar marigayi,

Bayan gaisuwa mai yawa da ƙarin haƙuri. Ni ne tsohon da mijinki ya yi shekaru yana gardama da shi a majalisa. An ce ni zan yi jawabin tunawa da shi, wai na fi kowa saninsa. Ni kuwa muryarsa na sani, da yadda yake buga tebur. Don Allah ki faɗa mini abin da zan ce.

Na bar ki lafiya.

Ranka ya daɗe,

Na amsa gaisuwa. Ka ce ya yi ta fama har aka kai ruwan famfo unguwannin bayan gari, kai kuma kana ihun ba kuɗi. Ka ce bai taɓa cin abinci da zafinsa ba, don falon nan kullum cike yake da masu kawo kukansu. Yanzu kujerun ne kawai. Yara sun koma wuraren aikinsu, waya ma sai na duba ko ta lalace.

Ba zan iya zuwa zauren majalisar ba. Ka huta lafiya.

Zuwa ga matar abokina,

Ina gaisuwa. An yi zaman. Rabin kujerun ba kowa, sababbin 'yan majalisa suna ta latsa waya. Na faɗi duk abin da kika ce. Da na zo kan maganar ruwa sai na dakata, ina jiran ya daka mini tsawa daga hagu kamar yadda ya saba, "Ƙarya kake, dattijo!" Shiru. Shugaban majalisa ya ce, "Ci gaba mana." Na kasa, na zauna. Suka tafa, sun zaci na gama.

Tun da uwar 'ya'yana ta rasu ban ji gida ya yi mini faɗi kamar yau ba.

Allah ya jiƙansa.

Ranka ya daɗe,

Sannu da ƙoƙari. Akwai abin da ba ka sani ba. Duk jawabin da zai yi maka, a kaina yake fara gwadawa, ina yankan albasa ina zama kai, ina mayar masa da martani. Sau da yawa na kayar da shi, har ya yi fushi ya ƙi cin abinci.

In ƙafa ta bari, ka zo da rana. Ka taho da bakinka, shayi ina da shi.

Sai na gan ka.