Gudan Jini a Takabarka

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san takarda ba ta zuwa inda kake, amma bakina ya saba kai maka rahoto, ya ƙi dainawa.

Labarin gari tukuna, don na san shi za ka fara tambaya. Soja dai sun miƙa mulki. Farar hular da ka ƙarar da batiran rediyonka kana jira ta hau. Masu shigowa gaisuwa sun ce daga nan Gwale har Ƙofar Nassarawa bango duk hotunan 'yan siyasa ne. Ni ban ga komai ba, ina ɗaka ina takabarka.

To, a takabar ne abin ya same ni. Tun ranar da aka fita da kai na sami gefen tabarma na naɗe ƙafa, carbi a hannu. In tashi in yi salla, in koma. Goggonka Hajiya Yalwa har yabona take yi, wai ba ta taɓa ganin mai takaba mai natsuwa irina ba. Natsuwar ina! Ni dai ban ga abin tashi ba ne.

Sai sharaɓata ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, ta yi tauri. Goggo ta ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya kafa ƙaho, ko a samo mai tausa ta murje shi da man shanu. Autarmu Binta, mai taurin kan nan da ta gada a wurinka, ta ce babu mai taɓa ƙafar. Ta samo tasi, ta lulluɓe ni, sai asibiti, muka bar Goggo tana ta salallami.

Likitar mace ce. Ta shafa min wani abu mai sanyi, ta ɗora kan na'urar hoto a cinyata, tana dannawa tana saki. Ta nuna min a allo yadda lafiyayyar jijiya ke lotsewa in an danna ta. Da ta iso bayan gwiwa ta danna, jijiyar ta ƙi lotsewa. Gudan jini ne ya cika ta. Ta ce da an murza shi, yana iya ɓallewa ya bi jini ya toshe huhu.

Ta yi min bayani yadda zan gane. Jini sai da gudu. Duk sa'ad da mutum ya taka ƙasa, naman sharaɓa ne ke matsa jijiya yana tura shi sama. In aka daɗe a zaune sai ya kwanta, ya yi gudaji kamar kunun da aka bar damawa. Aka yi min allurai, aka ba ni ƙwayoyin tsinka jini da wata doguwar safa mai matsewa, ni da ko da sanyi ban taɓa sa safa ba. Sannan ta ce sauran maganin tafiya ce, kullum, ko da a tsakar gida ne.

A nan ta ɗaure ni, Malam. Na dawo na tsaya a bakin ɗaki, na rasa inda zan nufa. Ashe duk zirga-zirgar da nake yi a gidan nan kai ne sanadi. Butar alwala zuwa zaure. Kwanon tuwo, sannan in dawo ɗaukar yajin da sai na zauna kake tunawa da shi. Tabaran da ka bari a kan taga. Ina mita, ina cewa ka mai da ni 'yar aike da furfurata, kai kuwa ka yi dariya ka ce, "Motsi ya fi laɓewa." Kai ke kaɗa min jini duk shekarun nan, ban sani ba.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa Binta ba. Da likita ta ambaci huhu, ban ji tsoro ba. Zuciyata cewa ta yi, to ai gajeriyar hanya ce zuwa wajen Malam, ki koma tabarmarki kawai. Har yanzu ina istigfari a kan wannan. Kewarka ce, wallahi, ta yi min yawa. Gidan nan ya yi min faɗi.

Amma rai ba nawa ba ne, kuma yarinyar nan ta rasa uba bana, ba zan sa ta rasa uwa don na ƙi taka ƙasa ba. Don haka ina tafiya. Daga ɗaki zuwa ƙofar zaure, in juyo, hannu rabbana. Babu mai kira, babu mai cewa an manta wani abu. Kumburin dai ya fara sauka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, Ya haɗa mu a Aljanna a lokacin da Ya so, ba lokacin da na so ba. Na san ba ka iya jira ba, Malam. Wannan karon sai ka yi haƙuri, zan ɗan makara.

Iyalinka,
Hajara