Wake Biyar a Ƙwaryar Ƙasa

Ɗan Kassari, 14 ga Nuwamba, 1963

Zuwa ga Yayana Ado, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ajuma da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a cinikin goron. Mu nan sai godiya. Damana ta yi kyau, hatsi ya shiga rumbu, wake ma mun samu fiye da bara. Iya tana nan da ƙarfinta, ban da gwiwar da ke damunta in ta daɗe zaune.

Yaya, takardar da na aiko maka da bazara, cewa da an gama kaka zan raba gandu da ƙanenmu Yaro, ina roƙonka ka yaga ta. Ga yadda aka yi. An kawo mana wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, Ambroise, kiristan Dogon Dutsi, darni ɗaya ya raba mu da shi. Ya je Yamai wani horo, ya dawo da littafin Faransanci wanda ya kasa halin mutane gida huɗu: wuta, ruwa, iska da ƙasa. Wai in mutum ya san gidansa, ya san na ɗan'uwansa, rabin faɗa ya ƙare. Tun daga ranar ba wanda ya huta. Mahauci wuta ne, Liman ruwa, jakin Kawu Ɗantani ma bai tsira ba.

Da ya lura ni da Yaro mun daina cin tuwo a akushi ɗaya, sai ya nemi ya gwada mu. Ya fara da Yaro, yana tambayarsa ko yakan kama aiki ya saki, ko yakan mance abin da ya faɗa jiya, daga ƙarshe ya ce Yaro iska ne. Ashe Iya tana bayan darni tana tankaɗe. Washegari sai ga ta da baƙar akuya a igiya, wai garin Lugu za ta kai Yaro wurin masu bori, tunda har mai karatun nasara ya ga abin da ta daɗe tana zargi. Mushe ya yi rabin yini yana rantsuwa cewa iskarsa ba doguwa ba ce, wadda ake sheƙar hatsi da ita ce. Iya ta ce ta ji, amma akuyar ta zauna a ɗaure tukuna.

Da aka zo kaina na ce kada ya wahalar da bakinsa, kowa ya san ni ruwa ne, ban taɓa ɗaga wa mutum murya ba. Ya ce mutum ba ya zaɓa wa kansa gida, a bar mutanen gida su jefa ƙuri'a. Aka jera ƙwarya huɗu bayan rumbu, aka ba kowa ƙwayar wake ɗaya: Iya, Kawu, Yaro da matarsa Kaltume, matata Zalihatu, da ni. Da aka ɗauko, ƙwaryar ruwa wake ɗaya ne a ciki, kuma na san hannun da ya jefa shi. Biyar suna ƙwaryar ƙasa. Mushe ya shiga lallashina, wai ƙasa ita ke ɗauke da kowa, abin da aka ba ta ajiya ba ta yarwa. Sai Zalihatu, wadda shekara tara ba ta taɓa musa mini gaban mutane ba, ta ce, “Mushe, ƙasa ce kam, amma fako. Ruwan sama ma in ya sauka kanta gangarewa yake.” Kawu ya yi dariya har ya shaƙe.

Kwana uku ban kula kowa ba. A na huɗu na gane da shirun nan nawa wake nake ƙara musu a ƙwaryar. Na bi Yaro gona, na same shi yana ɗaure dami, na tambaye shi me ya sa shekara biyu da suka wuce ya ce gaban 'yan gayya layin shukata kamar fitsarin bijimi yake, a karkace. Yaya, wallahi yaron nan bai tuna ba. Bai ma san muna gaba ba. Shi a zatonsa haƙori ke damuna shi ya sa nake ci ni kaɗai, har ya ce wa Kaltume ta riƙa sassauta tuwo ranar girkinta. Da na gaya masa na rubuta maka batun raba gandu, sai ya zauna kan damin ya rufe fuska da hannu. Ban taɓa ganin hawayensa ba tun rasuwar Baba. Ni ma sai na juya kamar ina duban gonar maƙwabci.

Mun yi sharaɗi gaban Kawu. Yaro zai riƙe kasuwa da karɓar baƙi, tunda bakinsa bai gajiya, ni rumbu da iri. Shi zai haɗiye yawu kafin ya yi ba'a cikin taro. Ni kuma an hana ni ajiye magana a ciki har ta kai Juma'a.

To, yau Alhamis, Yaya, ba ni da damar kaiwa gobe. Ranar da za ka tafi Kumasi, shekara goma sha ɗaya ke nan, jar darar da ka sa ka hau mota tawa ce. Na raka ka tasha ina kallonta har motar ta ɓace, ban ce komai ba. Na yafe, ba nemanta nake ba. Amma in ka ga irinta a kasuwa, kaina bai ƙara girma ba.

Iya tana sa maka albarka. Kawu Ɗantani da Yaro da Kaltume da Zalihatu duk suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Ajuma da kyau, ka shafa kan Altine. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenka,
Mani