Ƙafata a Ƙarƙashin Teburi

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya tsayuwar asibiti? Umma ta ce in tambaye ki ko ƙafar ta daina kumbura. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Aiki ya yi wa Baba yawa a shago, ni nake sa masa maɓallai in na taso daga makaranta.

Akwai abin da zan faɗa miki, amma don Allah kar ki yi mini dariya. Gidan wasan kwaikwayon nan na bayan ɗakin karatu sun liƙa sanarwa, suna neman sababbin wasanni, har da masu waƙa a ciki. Wanda suka zaɓa za su haɗa shi da 'yan wasa da makaɗi, a yi ta gyara wata da watanni har wasan ya isa hawa dandamali. Na duba sama da ƙasa, ba su sa shekaru ba.

To ni ma na kai nawa. Labarin wani tela ne da kowa ya zo sai ya ce masa ya dawo gobe, har masu kayan suka saba da juna a kan bencinsa, suka zama kamar dangi. Waƙoƙin duk a shago na yi su, a kan bugun ƙafar Baba in yana taka keken ɗinki. Da na karanta masa ya ce shi dai ba shi ba ne, bai taɓa ce wa kowa gobe ba. Bai rufe baki ba mai gyaran rediyo ya leƙo neman wandonsa, Baba ya ce masa jibi.

Abu ɗaya ne ke damuna. Sun ce mai waƙa ya haɗo da muryarsa. Na ari wayar Umma, na shige bayan ƙofa, na danna wurin ɗaukar murya, amma na kasa rera ko baiti ɗaya. Sai takardun kawai na miƙa. Ina son su ɗauke ni, Yaya, fiye da yadda nake nuna wa mutanen gida.

Ki gaishe mini da abokiyar ɗakinki.

Ƙanwarki,
'Yar Lungu

Yayata,

Ina gaisuwa, ya gajiya? Na ga saƙonki, na gode da ba ki yi dariyar ba, ko da yake na san kin yi.

Sun kira ni. Ashe ba a zaɓe sai an zauna an karanta wasan da baki. Baba ya rufe shago ya raka ni, ya zauna a baranda yana ƙare wa labulensu kallo, wai wanda ya ɗinke bakin labulen bai ji tsoron Allah ba.

Ɗaki ne mai dogon teburi da kujerun roba, fanka na juyawa a hankali. Darakta, wata doguwar mata mai tabarau, ta gaya mini ƙa'idarsu: marubuci ba ya magana sai an gama, ko da an yi masa kuskure. Wai wasa shi zai kare kansa. Na ce a raina wannan ƙa'ida don ni aka yi ta.

Da farko komai ya tafi daidai. Sun yi dariya a inda na so, har da inda ban zata ba. Sai aka iso waƙar farko. Tunda ban aiko da murya ba, ba wanda ya san yadda take, sai mai fitowa a tela ya karanto ta kamar sanarwar ɓacewar akuya. Ba wanda ya ko murmusa. Ta biyu ma haka. Na ga darakta ta cire tabarau tana murza ido, na ce shi ke nan, na kashe wasana da kaina.

Ban san ƙafata tana motsi ba. Ashe tun ɗazu ina taka ƙasa yadda Baba yake taka keke, dunduniya sannan yatsu, kujerar tana ƙara. Wata tsohuwar 'yar wasa da ke kusa da ni, wadda suke kira Gwaggo, ta leƙa ƙarƙashin teburi, ta dube ni. Na so ƙasa ta tsage. Sai ta fara buga teburi da tafin hannu daidai da ƙafata, ta ɗauko waƙa ta uku a kai. Ba irin muryar da na yi mata ba ce, amma ta zauna daram. Kafin baiti ya ƙare duk teburin na amsa mata dawo gobe, dawo gobe. Gwaggo ta ce wa darakta ai yarinya ba ta karya ƙa'ida ba, baki aka hana, ba a ce ƙafa ba.

Sun ce za mu ji daga gare su. Ki sa ni a addu'a.

Taki har kullum,
'Yar Lungu

Yayata abar alfaharina,

Da fatan kin gama jarrabawa lafiya. Umma da Baba suna gaishe ki ƙwarai.

Sun ɗauke ni! Darakta ta ce ƙarshen wasan bai nuna ba tukuna, kuma mutanen bencin sun yi yawa, sai na rage wasu. Na yarda, ko da yake mai gyaran rediyo, da na sa shi a kan bencin, ba zai fita ba ko za a yi yaya. Amma ta sa sharaɗi: dole in rera wa makaɗinsu kowace waƙa da bakina, don ba za a kawo 'yan kallo su leƙa ƙarƙashin teburi ba.

Na je ranar Asabar. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, daga ni sai shi sai kayan kiɗansa. Dattijo ne mai haƙuri. Ya jira, ya jira, ni kuwa ina kallon takalmina. Can ya ce ko zan fi son kallon bango, shi ma sanda ya fara haka ya yi. Na juya masa baya, na sa ido a wani wurin da fenti ya ɓare, na fara. Muryar tana rawa, amma ta fito, Yaya, har ƙarshe. Ina ji yana bina da kiɗa a hankali daga bayana. Ban taɓa jin abin da na yi a kaina ya fito daga hannun wani ba.

Asabar mai zuwa za mu yi ta biyu. Na yi niyyar in ɗan juyo, ko da gefe ne.

Ki huta lafiya, sai kin zo hutu.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
'Yar Lungu