Wa Ya Ɗauki Harsasanka, Baban Ummi?

Greensboro, ranar Asabar da hantsi

Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ba gwanin buɗe ambulan ba ne kai, sai dai ka jibge su a kan firji ka ce Ummi ta duba. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma babu wanda ya dace ya ji ta sai kai, don haka ka yi haƙuri ka saurara yadda ka saba, kana kallon ƙasa kamar ba da kai ake ba.

Gida lafiya. Na fita takaba dab da ƙaramar Sallah, na koma aiki a gidan kula da tsofaffi. Ummi tana shekararta ta ƙarshe a karatun jinya. Famfon kicin ɗin da ka yi ta cewa gobe za ka gyara yana nan yana ɗiga, kuma ban bari kowa ya taɓa shi ba.

Ummi ce damuwata. Tun ranar da aka kira mu daga siton da kake aiki aka ce ka yanke jiki ka faɗi, yarinyar nan ba ta yi kuka a gabana ba. Ta rame, ta yi shiru, in na yi mata Hausa ta amsa da Turanci kalma ɗaya. Sai da ganyaye suka fara ja, rannan ta same ni a kicin ta ce bana ita za ta je farauta gonar Dogo, baturen nan naka na Pleasant Garden. Barewa ɗaya take so, a yi kilishi a raba a masallaci kafin Babbar Sallah yadda kake yi duk shekara, ladan ya kai gare ka. Lasin ɗinta na farauta yana hannunta, ta riga ta sabunta ba tare da ta tambaye ni ba. Ranar ce na fara ganin haske a idonta, to da wane baki zan ce a'a?

Bindigar tana nan cikin akwatin ƙarfenta a ɗakinmu. Sai muka je ɗan siton da ke bayan gidanmu ɗauko koren gwangwanin da kake zuba harsasai. Yana nan a kan kanta inda ka bar shi, amma wayam. Ni kuma da idona na ga ka shigo da kwalaye biyu sababbi a ƙarshen sanyin da ya wuce, kana murna kamar an yi maka albishir da kujerar Makka, kana cewa su ne na ƙarshe a shagon. Har na ce maka da kuɗin nan ka sayo mana buhun shinkafa.

Ka san ni, ba na daɗewa ina neman mai laifi. Mutum ɗaya na ba makullin siton nan a kwanakin zaman makoki don ya fito da kujeru da tabarmi: amininka Malam Isufu mai taksi. Kuma na tuna yadda yake shafa bindigar nan duk sanda ka fito da ita, yana cewa a Maradi da wannan sai a naɗa mutum sarkin baka. Ban tunkare shi ba. Na dai daina aika masa da tuwon Juma'a, in ya zo gaisuwa na amsa daga bakin ƙofa fuska a ɗaure. Shi kuwa sai ya yi tsuru-tsuru, ya gaishe ni da Maman Ummi sau biyu, ya juya. Wannan sunkuyar da kai da yake yi shi ya ƙara tabbatar mini.

Na ce wa Ummi abu mai sauƙi ne, mu sayo wasu. Ashe ban san abin da garin yake ciki ba. Tun bayan zaɓen bara mutanen ƙasar nan suka ruɗe, kowa na ɗibar harsashi yana ɓoyewa kamar an ce musu za a daina yi. Mun bi High Point Road daga wannan kai zuwa wancan, mun leƙa shagunan da ban taɓa sanin suna nan ba, kantoci duk a share. Kuma lambar harsashin da bindigarka ke ci, biyu-biyu-uku, ita ce aka fi wawaso. A wani shago an ce mu zo da sassafe ranar da mota ke sauke kaya. Muka je muka tarar da layin ƙarti masu hular kamanni da daji, duk suka juyo suna kallon mayafina. Kafin layi ya zo kanmu an ce ya ƙare. Ni dai na ga yaron shagon ya tura wani kwali ƙarƙashin kanta da ƙafa. Ummi ta ce idona ne, ni kuma na ce idon nan bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Inda aka samu kuma, ba irin naka ba ne. Nan na gane ashe duk surutun da kake yi a kan tabarma kana goge bindiga, ni ina yankan kuɓewa ina jin ka da rabin kunne, 'yarka haddace shi take yi. Ta ɗauki kwali ta juya, ta karanta, ta mayar. Wannan na harbin takarda ne, wancan na ƙananan dabbobi ne, yana taɓa fata ya tarwatse. Ita mai nauyi take nema, wanda ake ganin darma a bakinsa, wanda in ya shiga sai ya buɗe ya kwantar da barewa a inda take. Ta maimaita mini maganarka: ƙaramar bindiga ba ta yafe wa mai ganganci, in harsashin bai dace ba sai ya ratsa dabba kamar allura, ta gudu da ciwo ta je ta mutu a cikin ƙaya, ka ɗauki alhakinta kuma ka bar wa ungulu mushe. Wani mai shago ya yi dariya ya ce bindigar kurege ce wannan, ta nemi babba. Ni ma haka nake ce maka, ka tuna? Amma da na ji daga bakinsa sai raina ya ɓaci.

Ba a jima ba magana ta isa masallaci. Wata Hajiya ta ja ni gefe bayan sallar Juma'a, ta ce an ce ana ganina shago-shago ina tambayar harsashi, in rufa wa kaina asiri, ƙasar nan ko waya mutum ya ɗaga akwai mai saurare. Ta ƙara da cewa yarinyar da ta isa aure ba a san ta da saɓa bindiga ba. Na yi mata godiya. Amma wa ya gan mu? Wa ke yawo a High Point Road daga safe zuwa yamma in ba mai taksi ba?

Ana haka sai ga Malam Isufu da kansa, da wata 'yar leda a hannu. Wai wani fasinjansa ne ya sayar masa da abin da shi yake kira kartush, lamba ɗaya da taka, ya kawo wa Ummi. Ta zazzage su a kan tebur. Dogaye masu tsini, jan ƙarfe ya rufe su ruf, babu alamar darma. Ta gode masa cikin ladabi ta ce Baba Isufu waɗannan ba na barewa ba ne, ba za ta harba su a kan abu mai rai ba. Shi a ganinsa harsashi harsashi ne tunda ya shiga bindigar. Ni kuwa a zuciyata na ce ka ji mutum, ya kwashe masu kyau ya kawo mana tarkace don ya wanke kansa. Na sa ya tattara kayansa ya fita da su, ko ruwa ban ba shi ba.

Ummi ta haƙura. Ta ce gara ta zauna a gida da ta je da harsashin da kai ba za ka yarda da shi ba. Ta koma ɗaki, shirun nan ya dawo, abincin da na zuba mata ya kwana a rufe.

Sai na tuna akwai haƙƙinka da ban sauke ba. Duk wanda ka yi hulɗa da shi an je an nema maka yafiya, abokan aikinka, maƙwabta, har mai gyaran mota, amma ban da Dogo. Lambarka kawai yake da ita, ita kuma an rufe. Shekara da shekaru kana shiga gonar mutum, ai bai kamata ya ji shiru ba. Na ce wa Ummi ta tuƙa ni mu je, ta gaya masa bana ba mai zuwa, ya ba wani wurin.

Mun same shi a bakin rumfar tarakta. Da Ummi ta gaya masa rasuwarka, ya cire hularsa ya daɗe a tsaye. Ta fassara masa cewa mun zo ne ya yafe maka in ka taɓa saɓa masa. Bai gane ba da farko, sai da ta sake bayani. Ya ce abin da kawai ka taɓa yi masa shi ne ka koya wa matarsa cin kilishi mai yaji, yanzu na kanti ba ya yi mata daɗi. Daga nan ya shiga gida, ya fito da wata jakar takarda, ya miƙa wa Ummi. Kwalayenka ne guda biyu, ko buɗe su ba a yi ba.

Baban Ummi, ni za ka yi wa haka?

Ya ce ka zo masa da su tun kafin a fara shuka. Ka ce ya ajiye, 'yarka za ta zo in ganye ya zuba, mai yiwuwa ita kaɗai, kuma kada ya ba kowa sai ita hannu da hannu. Ya ce bai yi mamaki ba, don tun farautar bara ka kasa hawa tsanin da ke jikin bishiyar da kake fakon barewa a kanta, a ƙasa ka zauna kana haki kana dafe da ƙirji. Ummi tana can ɗaya gefen gonar, ka roƙe shi kada ya faɗa mata. Na tuna ranar. Ka dawo ka ce mini sanyi ne ya kama ka, na dafa maka citta da kanumfari, ka shanye ka ce ka warke.

A mota Ummi ta kifa kanta a kan sitiyari ta yi kukan da ta riƙe tun ranar da ka tafi. Ni ban yi ba. Lissafi nake yi. Washegari na kira Malam Isufu na gaya masa an ga harsasai, ina kallon fuskarsa. Ya yi hamdala da gaske, wannan kam bai san inda suke ba. Amma da na kawo zancen ciwon ƙirji, ko gezau bai yi ba, sai ya sake sunkuyar da kan nan. Na matsa masa. Ashe shi ne ke kai ka asibiti, abin da yake kira lopital, a taksinsa, ranakun da kake ce mini an ƙara muku awoyin aiki. Ka sa shi ya rantse. Duk wulaƙancin da na yi masa ya shanye, yana zaton asirinku na gano. Ban ba shi haƙuri da baki ba, ka san ba na iyawa, amma tuwon Juma'a ya koma gidansa da miyar taushe. Har yanzu dai ina ganin yana son bindigar nan.

To wa kuma ya sani? Liman? Yayanka da ke Katsina? Ina zaune a sahun mata ina duba fuskoki, ina tunanin wace ce ta ji daga mijinta ta zo ta yi mini ta'aziyya da labarin a cikinta.

Ciwon na fahimta, ko da ban yafe ba tukuna. Ka san da na sani sai na hana ka aiki, na hana ka gishiri, na hana ka numfashi da tambaya. Amma harsasan fa? Me ya sa ka fitar da su daga gidanka ka kai wa bature ajiya? Na juya abin ta kowace fuska, amsa ɗaya nake samu. Ba Malam Isufu ka ɓoye wa ba, ba ɓarawo ba. Ni ka ɓoye wa. Ka tuna sau nawa na ce wata rana sai na zuba su a shara, ka san ban taɓa son ka riƙa jan yarinyar nan daji ba, ka ce a ranka ranar da ba ka nan abin da zan fara yi ke nan. Wata biyu ina zargin duk mutanen Greensboro, ashe a gidan nan ni ce abin zargi.

Ban sani ba ko ka yi gaskiya. A kwanakin farko, da na ci karo da su, wataƙila da na yi abin da ka ji tsoro. Amma ga abin da nake so ka sani. Da muka dawo daga gonar, Ummi ta ba ni jakar ta ce in ajiye. Mako guda tana cikin durowata, ƙarƙashin zannuwana, motar shara ta zo ta wuce. Yau bayan sallar asuba ni na fito da ita. Na buɗe kwali ɗaya na shafa bakin darmar da ɗan yatsa don in tabbatar, sannan na sa mata a hannu. Na gyara mata rigar nan ruwan lemo ta mafarauta a kan hijabinta, na tuna mata ta yi bisimilla kafin ta ja kunama, ta ce Mama ta sani. Da ta saɓa bindigar sai na ga ta zauna mata daidai kafaɗa. Ashe ba don kanka ka sayi ƙarama ba. Wannan ma ba ka gaya mini ba.

Sun tafi da Malam Isufu, shi zai taya ta ja da fiɗa in Allah ya ba da sa'a. Na jiƙa ƙuli-ƙuli, na daka yaji, na wasa wuƙarka. Wayata na nan kusa da takardar nan, ba ta yi ƙara ba tukuna.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka, ya sa ka huta. Ni kuma ka saurare ni, don in Allah ya haɗa mu akwai sauran tambayoyi.

Matarka, wadda ba ta zubar ba,
Maman Ummi